Me ya sa kundin gadon wata ciyawa ke ninka na 'yar'uwarta?

Mene ne girman kundin gado?

Yawan DNA ne, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a cikin cibiyar ƙwayar halitta, kuma da haruffansa, wato ƙananan sassan da aka jera shi da su, ake ƙirga shi. Shinkafa na da kusan haruffa miliyan 400, alkama kuwa kusan biliyan 16, alhali duk dangin ciyawa ne. Na ɗan Adam kusan biliyan 3 ne. A cikin ciyayin daji akwai Oropetium thomaeum, mai kusan miliyan 245 kacal.

Mai babban kundi ta fi yawan bayanan gado ke nan?

Ba lallai ba. Mafi yawan ƙarin maimaici ne. Akwai wasu gutsattsarin DNA masu kwafar kansu, su liƙa kwafin a wani wuri, har kundin ya kumbura. Barbara McClintock ce ta fara gano irin waɗannan masu tsalle-tsalle a jikin masara, ta samu kyautar Nobel a 1983. Kusan kashi 85 cikin 100 na kundin masara su ne. Shinkafar dajin Ostareliya, Oryza australiensis, adadin kuromozom ɗinta, wato dunƙulen da DNA ke naɗe a ciki, daidai yake da na shinkafar gona, 24, amma kundinta ya ninka nata fiye da sau biyu, kuma aikin waɗannan gutsattsari ne.

Ɗaya hanyar ita ce ninka kuromozom gaba ɗaya. Alkama 42 gare ta, domin ta haɗa gadon ciyayi iri uku.

A cikin iri ɗaya ma ana samun bambanci?

Ana samu, kuma nan ne abin ya fi ban sha'awa. A Meziko, masara da kakarta ta daji, teosinte, waɗanda ke kan tuddai kundinsu ya fi na kwari ƙanƙanta. Masana na ganin sanyi ne sila: ƙwayar halitta mai ƙaramin kundi ta fi saurin rabuwa, shukar sai ta yi fure kafin lokacin girma ya ƙure mata.

Duk bambancin da aka ruwaito gaskiya ne?

A'a. An sake auna wasu tsofaffin sakamako sai aka tarar kuskuren awo ne. Wasu sinadaran ganye kan hana rinin da ake shafa wa DNA kamawa sosai, sai na'ura ta nuna ƙasa da abin da ke akwai. Shi ya sa yanzu ake niƙa ganyen tare da na wata shukar da aka riga aka san girman kundinta, a auna su a lokaci guda.