Afrilun 1961: Watan da Gagarin ya zagaya duniya, Kennedy kuma ya sha kunya a Kuba

Cikin mako guda na watan Afrilun 1961 Amurka ta ji kunya sau biyu a gaban Tarayyar Sobiyat, kuma wannan kunyar ce ta tura ta neman zuwa duniyar Wata.

Me ya faru ranar 12 ga Afrilu?

A ranar ce wani matuƙin jirgin yaƙin Sobiyat ɗan shekara 27, Yuri Gagarin, ya tashi daga Baikonur da ke Kazakhstan cikin kumbon Vostok 1, ya zagaya duniya sau ɗaya. Tafiyar duka minti 108 ce. Kafin shi dabbobi ne kawai, irin su karnuka da ɓeraye, suka yi irin wannan zagayen suka dawo da rai.

Shi ya tuƙa kumbon?

A'a. Likitoci ba su da tabbacin cewa hankalin mutum zai tsaya daidai idan jikinsa ya rasa nauyi, saboda haka aka kulle na'urorin tuƙi, lambar buɗe su kuma aka sa ta cikin ambulan don ko-ta-kwana. Haka kuma bai sauko cikin kumbon ba. Tun yana sama da ƙasa da kamar kilomita 7 kujerarsa ta harbo shi waje, ya sauka da lema a wata gona a yankin Saratov, inda wata mata da jikarta suka yi turus da ganin mutum cikin kaya ruwan lemo da farar hula. Hukuma ta ɓoye zancen lemar har shekara goma, don ƙa'idar ajiye tarihin tashi sama ta ce matuƙi ya sauka tare da jirginsa. Injiniyan da ya jagoranci aikin ma, Sergei Korolev, ba a bayyana sunansa ba sai da ya mutu a 1966.

Ina ruwan Kuba a ciki?

Kwana biyar bayan haka, ranar 17 ga wata, 'yan gudun hijirar Kuba kimanin 1,400 da CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, ta horar a Guatemala suka sauka a gaɓar Playa Girón don kifar da Fidel Castro. Tun zamanin shugaban Amurka Eisenhower aka ƙulla shirin, John Kennedy ya gada yana da wata uku kacal a mulki. An ɗauka talakawan Kuba za su yi bore su mara musu baya. Ba su yi ba. Cikin kwana uku sojojin Castro suka murƙushe su, suka kama fiye da 1,100, waɗanda ba a sako ba sai Disambar 1962 bayan an biya da abinci da magunguna na dala miliyan 53.

To yaya wannan ya kai ga zuwa Wata?

Ranar 20 ga Afrilu, ƙurar Kuba ba ta lafa ba, Kennedy ya rubuta wa mataimakinsa Lyndon Johnson yana tambaya ko akwai wani aikin sararin samaniya da Amurka za ta iya kayar da Sobiyat a kai. Masana suka nuna Wata, don nisansa ya sa kowane ɓangare sai ya ƙera sabuwar roka. Ranar 25 ga Mayu ya faɗa wa Majalisa za a kai mutum can kafin ƙarshen shekarun 1960, alhali duk abin da Amurka ke da shi a lokacin shi ne tashin minti 15 na Alan Shepard. A ganina ilimi ya ci riba daga baya, amma neman wanke fuska ne ya buɗe baitulmali.

A Afirka fa?

Saliyo ta sami 'yancin kai ranar 27 ga Afrilu, Milton Margai ya zama Firayim Minista. A Aljeriya kuwa janarori huɗu na Faransa, Challe da Salan da Jouhaud da Zeller, sun yi wa shugaban Faransa Charles de Gaulle tawaye don ya fara shirin sakin ƙasar. Ya sa kakin soja ya yi jawabi ranar 23, ƙananan sojoji suka saurare shi ta rediyo suka ƙi bin janarorin, tawayen ya wargaje cikin kwana huɗu. Ana tsakiyar rikicin, ranar 25, Faransa ta tayar da bam ɗin nukiliyarta na huɗu a Reggane cikin Sahara. A kan irin wannan gwajin ne gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas a watan Janairun shekarar.