Ba lissafi ne ya fi cin wuta ba

Mutane da yawa a Maraɗi, har da masu karatun kimiyya, sun ɗauka lissafi ne ke cinye wutar manyan kwamfutocin da ke kwaikwayon motsin iska da gajimare don hasashen damina. Ba haka ba ne. Jigilar bayanai daga ma'ajiya zuwa inda ake lissafin ita ta fi jan wuta. Ka duba mai awon hatsi a kasuwa: cika tiya ba ya gajiyar da shi, kinkimo buhun gero daga shago ne ke karya baya.

Babbar kwamfutar Amurka mai suna Frontier, wadda ta zo kan gaba a duniya wajen sauri a 2022, tana shan wuta kusan megawat 21. Don rage jigilar bayanai ne masu ƙera ta suka manna ma'ajiyar dab da wurin lissafi, ana kuma sanyaya kwamfutar da ruwa.