Barkwanci Mai Ɗaci a Kan Makaranta: Me Masu Sharhi Ke Aunawa?

Wane irin wasa ne wannan?

Wasan kwaikwayo ne mai waƙe-waƙe da ke ɗauko abin kuka ya sa a yi masa dariya: bulala, satar amsa a BEPC (jarabawar kammala ƙaramar sakandare a Nijar), manyan ɗalibai masu cin zalin ƙanana, malamin kwantaragi da wata ya mutu albashi bai zo ba. Salon ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yaran tashe suna yi da azumi, ƴan kama kuma sun daɗe suna kwaikwayon malamai da wa'azin tuwo da miya.

Idan sabon wasa ya fito, me mai sharhi ke fara dubawa?

Kan wa dariyar ta faɗa. Idan daraktan makaranta mai cin kuɗin iyaye aka yi wa, ko sufeto da ya zo ya duba rajista ya tafi bai leƙa aji ba, akasari a yaba. Idan kuwa yaro mai in'ina ne abin dariyar, ko yarinyar da aka cire daga aji aka aurar, wasan ya shiga sahun masu cin zalin da yake kushewa. Nan sharhi ya fi rabuwa: wani ya ce marubuci ya nuna mana halinmu, wani ya ce ya ci kasuwa da ciwon mutane. Abin da ke raba gardamar shi ne ko an ba wanda aka zalunta bakin magana, ko da waƙa ɗaya ce tasa.

Yaya ake gane waƙa ta yi aikinta?

A cire ta a zuci. In labari ya wuce lafiya lau, ado ce kawai. Waƙa mai amfani tana barin ɗan wasa a wani hali dabam da wanda ta same shi: ya shiga yana tsoron mushe, wato malamin aji, ya fito ya ƙudurta tona masa asiri.

Sai furucin kalmomi, inda masu tsara kiɗa suka fi tuntuɓe. Hausa tana bambanta dogon wasali da gajere. A ja gaɓar farko ta "gari" don ta cika kiɗa, gari irin Maradi ya koma garin gero na tuwo. Wanda ya fara shirya kiɗa a kwamfuta sannan ya cusa baitoci yakan faɗa wannan rami. A rera baitin da baki tukuna, kiɗa ya biyo.

Me ke kashe dariya a dandali alhali rubutun yana da kyau?

Sauti, galibi. Kiɗa ya danne murya, kalmar ƙarshe ta baiti, wadda ke ɗauke da barkwancin, ta ɓace. Ko ƴan wasa su ci gaba da magana jama'a na tsakiyar dariya, layi biyu su salwanta. Ga kuma Faransanci: "Silence!" a bakin malami kowa ya gane, amma baiti guda cur da Faransanci ya bar iyayen da ba su yi lakwal, wato makarantar boko, ba a waje.

Akwai abin da ba a taɓawa?

A Maradi akwai. A watan Nuwamba 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makarantar firamare ta garin, yara fiye da 20 suka rasu, watanni kaɗan bayan irinta a Yamai. Ana iya yi wa alƙawarin gina azuzuwa da ba ya cika ba'a son rai. Wutar kanta da yaran, masu kallo ba za su lamunta ba, iyayensu suna cikin gari.

Kallo ɗaya ya isa a yanke hukunci?

A Landan da New York ana yin makonni ana nuna sabon wasa ga jama'a ana gyara shi, sharhin jaridu sai an buɗe shi a hukumance. A nan Nijar wasa kan samu dare ɗaya ko biyu a gidan matasa ko bikin ƙarshen shekarar makaranta. Mai sharhi ya nemi halartar gwajin ƙarshe, ranar wasa kuma ya zauna a layin baya, don a can ake sanin ko baitoci suna isa kunne.