Labarin Mai Amfani a Aikin Haɗa Manhaja

Labarin mai amfani taƙaitaccen bayani ne, jimla ɗaya ko biyu, na abin da wanda zai yi aiki da manhaja yake buƙata, a rubuce da bakinsa, ba da bakin injiniya ba. Ana aiki da shi a tsarin ajail, inda ake gina manhaja kaɗan-kaɗan, zango bayan zango, kowane zango mako 1 zuwa 4.

Injiniyan manhaja Kent Beck ne ya shigo da shi a ƙarshen shekarun 1990 cikin tsarin Extreme Programming, ɗaya daga cikin hanyoyin ajail, ana rubuta shi a ƙananan katuna. A 2001 ma'aikatan kamfanin Connextra a Ingila suka fito da ƙirar da ta fi yaɗuwa: wane ne, me yake so, don me. A shekarar ce kuma Ron Jeffries, abokin aikin Beck, ya kasa labarin kashi uku: kati, tattaunawa da tabbatarwa. Katin tuni ne kawai, ainihin aikin yana cikin tattaunawar.

A ce ana haɗa wa 'yan Kantin Kwari manhajar rubuta bashi. Labarin zai iya zama: "A matsayina na mai shago, ina so in ga waɗanda nake bin su bashin da ya haura kwana 30, don in san wanda zan tuntuɓa kafin in saro sabon kaya." Sashen "don" shi aka fi yarwa, alhali shi ne ke nuna ko aikin ya cancanci a yi. Haka rubuta "a matsayina na mai amfani" kuskure ne, domin maigida daban, yaron shago daban. Yaro yana iya shigar da bashi, amma maigida ba zai yarda ya goge shi ba. Wannan ba ya fitowa sai an zauna da ɗan kasuwar an ji ta bakinsa.

Daga nan sai sharuɗɗan karɓa, waɗanda mai gwaji zai duba ya ce an gama ko ba a gama ba. Misali, idan sabis ya ɗauke ana tsakiyar shigar da bashi, bayanin ya zauna a waya, ya tafi da kansa in sabis ya dawo, kuma kada ya shiga sau biyu. Sharaɗi irin "ta yi sauri" ba ya gwaduwa. A faɗi daƙiƙa nawa, a kan wace irin waya.

Labarin da ba zai ƙare a zango ɗaya ba, yanka shi ake yi. Inda ake tuntuɓe shi ne yankawa bisa sassan fasaha: wannan rumbun bayanai, wancan fuskar manhaja. Sai zango ya ƙare babu abin da za a nuna wa mai shago. Daidai shi ne kowane yanki ya yi aiki da kansa: shigar da bashi tukuna, sannan biyan wani ɓangare, sannan saƙon tuni.

Mai kula da samfur, wato wanda ke yanke abin da za a gina a manhajar, shi ke jera labaran bisa muhimmanci, a manhajar tsara aiki kamar Jira ko Trello, ko a allon bango. Masu ginawa su ke kimanta nauyin kowanne da maki 1, 2, 3, 5, 8, 13. Makin ba awanni ba ne, kuma idan shugabanni suka fara gwada ƙungiya da ƙungiya da shi, sai kowa ya riƙa kumbura nasa, lissafin zango ya lalace.