Waiwaye: Jacob Rivers, leburan reluwe da aka kashe a yaƙin Neuve Chapelle

A aikin reluwe na Ingila kafin 1914, leburan tsakuwa yana can ƙasa-ƙasa. Direban jirgi ana ji da shi, shugaban tasha na da kaki da hula. Shi kuwa leburan tsakuwa tarago yake bi da shebur a hannu, ko ana ruwa ko ana sanyi, yana sauke duwatsun da ake zubawa ƙarƙashin katakon layin dogo don kada ya lotsa. Sana'ar Jacob Rivers ke nan a kamfanin Midland Railway na garin Derby, inda aka haife shi a 1881.

Aikin soja ba baƙonsa ba ne. Ya yi shekara bakwai a rundunar Royal Scots Fusiliers, ya zauna Indiya da Burma, sannan ya tuɓe kaki ya dawo gida neman abinci. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a Agustan 1914, gwamnatin Birtaniya ta karɓe ragamar jiragen ƙasa, ma'aikata kuma suka yi ta tururuwar shiga soja. Daga Midland kaɗai kimanin mutum 23,000 suka tafi. Rivers ya sake sa kaki a bataliya ta 1 ta Sherwood Foresters, yana farabiti, aka tura shi Faransa.

A ranar 10 ga Maris 1915 sojojin Birtaniya da na Indiya ƙarƙashin Janar Douglas Haig suka auka wa ƙauyen Neuve Chapelle. An yi minti 35 ana ruwan igwa, aka kuwa ƙwace ƙauyen da hantsi. Daga nan sai abu ya cije. Wayoyin tarho sun tsittsinke, umarni ba ya isa kan lokaci, harsasan igwa suna ƙarewa, Jamusawa suka samu sararin kawo ɗauki. Ranar 12 ga wata suka juyo da martani.

A wannan rana ce Rivers ya lura abokan gaba sun yi cincirindo a gefen wani rukunin bataliyarsu da ya yi gaba, suna shirin ritsa rukunin. Ba wanda ya aike shi. Ya ja ciki har ya rage 'yan taku tsakaninsa da su, ya shiga jifansu da gurneti, sai da suka ja da baya. Kada a manta, gurnetin wancan lokaci ba abin dogaro ba ne. Wasu ma sojoji ke haɗa su da hannu a gwangwanin jam, a kunna lagwani a wurga. Rivers ya dawo lafiya. Da suka sake taruwa ya sake komawa, ya sake kora su, amma wannan karon bai dawo ba.

Ranar 28 ga Afrilu 1915 aka sanar da ba shi Victoria Cross, lambar jarunta mafi girma a Birtaniya, mahaifiyarsa ce ta karɓa. Gawarsa ba a gane inda take ba, don haka sunansa na jikin bangon tunawa na Le Touret, cikin sunaye fiye da 13,000 na waɗanda ba su da kabari sananne.

Idan aka auna abin da aka samu, da wuya a ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Birtaniya da Indiya sun yi asarar fiye da mutum 11,000 tsakanin matattu da raunanu da ɓatattu, a kan ƙasar da ba ta wuce tafiyar kilomita biyu ba. Ƙorafin ƙarancin harsasai da ya biyo baya na cikin abin da ya sa aka kafa gwamnatin haɗaka a Birtaniya a watan Mayu, aka kuma buɗe ma'aikatar makamai ƙarƙashin minista Lloyd George.

Kafin a gama yaƙin, ma'aikatan reluwen Birtaniya fiye da 180,000 sun shiga soja, kusan 20,000 ba su dawo ba, mata suka cike guraben da dama a tasoshi da wuraren gyara. Kamfanin Midland ya ɗauko mai zanen gine-gine Edwin Lutyens ya zana masa ginin tunawa a Derby, aka buɗe shi a Disambar 1921 da sunayen ma'aikata 2,833. Kamfanin kansa bai daɗe ba bayan nan, don a 1923 aka narkar da shi cikin sabon kamfanin reluwe na London, Midland and Scottish (LMS). A 2010 ɓarayin ƙarfe suka ɓalle wasu allunan tagulla masu ɗauke da sunayen, daga baya aka gano su, aka gyara aka mayar.