Sauya akwatin sitiyarin tsohuwar ƙaramar mota zuwa rak da finiyon

Sauya akwatin sitiyari zuwa rak aiki ne da ake yi wa tsofaffin ƙananan motoci irin su Volkswagen Beetle, Fiat 500, Ford Anglia, Datsun 120Y da tsohuwar Toyota Corolla, inda ake cire akwatin giyar da kamfani ya sa mata tun asali, tare da hannuwanshi da sandunanshi, a ɗaura mata rak da finiyon irin wanda kusan duk ƙaramar motar yau ke amfani da shi. Abin da ake nema shi ne sitiyari ya daina wasa, motar ta riƙa jin hannun direba nan take. Aiki ne mai kyau in an yi shi da awo, amma fa in aka yi shi da ido da walda kawai to motar da a da take ɗan yawo bisa titi sai ta koma mai fizgewa da kanta, kuma wannan ya fi wancan haɗari nesa ba kusa ba.

Yadda akwatin yake aiki

A ƙarshen sandar sitiyari akwai wani ƙarfe mai murɗaɗɗen zare kamar na kusa, yana cikin akwati cike da mai ko giris. In direba ya juya sitiyari sai zaren ya tura wani abu da ke cije da shi, a wasu motocin ɗan gare-gare ne, a wasu kuma yankin giya mai haƙora, a wasu noti ne da ƙananan ƙwallayen ƙarfe ke zagayawa a cikinshi don rage gogayya. Shi kuma wannan abu sai ya juya wata gajeriyar sanda da ta fito ta ƙasan akwatin, ita ke ɗauke da hannun da ke tura tayarod, wato sandar da ke karkata taya dama ko hagu. A motoci da yawa akwai kuma doguwar sanda a tsakiya da wani hannu na biyu a ɗaya gefen mai riƙe ta kawai. To duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe akwai bol joyin ko bushin, kowanne in ya ɗan ci kaɗan sai wasan ya taru ya zama babba a hannun direba, shi ya sa za ka ga dattijo na tuƙa tsohuwar mota bisa hanyar Katsina zuwa Mashi hannunshi bai tsayawa, dama hagu dama hagu, alhali hanyar miƙaƙƙiya ce.

A Beetle ta asali akwatin a ɗaure yake bisa bututun sama na gatarin gaba, da tayarod biyu, ɗaya gajere ɗaya dogo, da ɗan shokozoba na sitiyari mai kashe girgiza. Tankin mai kuma yana nan saman su, wannan za mu dawo kanshi.

Shi kuma rak

Rak sanda ce miƙaƙƙiya mai haƙora a cikin bututu, finiyon kuma ƙaramar giya ce a ƙarshen sandar sitiyari da ke hawa kan haƙoran. Ka juya, sandar ta zame dama ko hagu, ta tura tayarod kai tsaye. Shi ke nan. Kayan sun ragu, nauyi ya ragu, wuraren da za su ci sun ragu.

Ba sabon abu ba ne. Citroën Traction Avant ta Faransa ta samu rak tun 1936, Morris Minor ta Ingila ta fito da shi a 1948, Mini a 1959, Ford Escort a 1968. Mu a nan mun san shi ta hanyar Peugeot, don 404 da 504 duk da rak suka zo daga kamfani, kuma tun da aka fara haɗa 504 a Kaduna a 1975 makanikanmu suka saba da shi. A wannan shekarar ce dai aka fara haɗa Beetle a Legas, ita kuma da akwatinta. Kamfanin Volkswagen da kanshi ya sa rak a samfurin Beetle mai lamba 1303 na 1975, amma ita wannan ƙafarta ta gaba, wato ƙarafan da ke haɗa tayoyi da jikin mota, daban ce da ta Beetle ɗin da muka sani, saboda haka ba a kwance nata a ɗaura wa tamu haka kawai. Akwati kuma bai mutu ba don ya gaza, manyan motoci da tsofaffin Land Rover da Hilux sun riƙe shi saboda yana shanye duka, Mercedes ma ta daɗe tana amfani da shi a motocinta na alfarma har cikin shekarun 1990.

Kafin a taɓa komai

Mafi yawan tsofaffin motocin da ake cewa akwatinsu ya mutu bai mutu ba. Akwai kusa ta gyara a saman akwatin da noti mai kulle ta, ana ɗan matsa ta a rage wasa, sai dai dole tayoyi su kasance a miƙe lokacin, domin an ƙera zaren ne ya fi matsewa a tsakiya, wanda ya ɗaure ta da yawa zai ji sitiyari na cijewa kuma zai ƙarasa cinye abin da ya rage. A Beetle wasan da bai wuce kamar milimita 25 a bakin sitiyari ba ana ɗaukar shi daidai ne. Sau da yawa ma laifin na tayarod ne, ko bol joyin, ko robar da ke haɗa sandar sitiyari da akwati, ko boris ɗin taya da ya saki, ko akwatin ya shekara goma ba wanda ya duba mai a cikinshi. A ganina duk wanda bai canza waɗannan ya gwada motar ba bai kamata ya fara maganar rak ba. In kuwa zaren ya ci har ya yi rami, kuma an zagaya Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ba a samu mai kyau ba, to nan maganar sauyi ta samu gurbi.

Zaɓen rak

Abu na farko ɓangaren direba. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, tun daga nan motocinmu sitiyarinsu na hagu, don haka rak ɗin motar Ingila ko Japan mai sitiyari a dama ba zai yi ba, sai in motar taka tsohuwa ce ta kafin canjin. Wasu kan ce a kifa shi kawai, to in ka kifa shi ka juya dama tayoyi su tafi hagu. Haka ma in aka ɗauko rak ɗin da aka yi don zama bayan gatari aka sa shi gaban gatari. Abin kamar wasa amma yana faruwa, kuma gara a gano shi mota na kan jak.

Na biyu nisan tafiyar rak ɗin. Akwati yakan ba hannu tafiya mai tsawo, rak da yawa ba su kai haka ba, sai a gama aiki a tarar motar da ke juyawa a cikin lungun unguwa yanzu sai ta ja da baya sau biyu. A Turai masu Beetle sun fi amfani da rak ɗin tsohuwar Volkswagen Polo, masu Fiat 500 na ɗaukar na Fiat 126 ta baya-baya, masu Anglia kuma na Escort, ba don komai ba sai don an riga an auna an ga sun zo kusa.

Inda ran aikin yake

Wanga sashe shi ne duka maganar. Taya ba a tsaye take wuri ɗaya ba, tana hawa tana sauka da ƙafar mota, kuma hannun da ke riƙe da ita yana zana baka ne a iska lokacin da yake motsi. Tayarod ma nashi bakan yake zanawa. In bakan biyu suka yi daidai taya za ta hau ta sauka tana kallon gaba. In suka saɓa, to duk lokacin da taya ta faɗa rami ko ta hau tudu sai tayarod ya ja ta ciki ko ya tura ta waje, motar ta karkata ba tare da direba ya motsa hannu ba. A hankali cikin gari ba za ka ji ba. Amma ka ɗauki hanyar Daura zuwa Kongolam ko ta Jibiya da gudun kilomita 90, da mutum huɗu da buhu a but, taya ɗaya ta taka gargada, a nan ne za ta nuna halinta, ga babbar mota na tahowa.

Abubuwa biyu ke hukunta wannan, tsayin da aka ɗaura rak ɗin daga ƙasa, da nisan da ke tsakanin joyin ɗinshi na ciki guda biyu. A motar da ke da hannun sama da na ƙasa, joyin na ciki ya kamata ya faɗo kan layin da ya haɗa inda hannuwan biyu suka kama jikin mota. Rak ya yi faɗi ko ya yi gajarta, lissafi ya ɓaci, kuma ƙara tsawon tayarod daga waje bai gyara shi, don matsalar na ciki. Tsayi kuwa milimita kaɗan ma na nunawa. Shi ya sa injiniyoyin kamfani ba su sa akwati da sandunanshi inda suka ga dama ba, wurin da kowane joyin yake an lissafa shi, kai kuma da ka cire su kai ne ka gaji wannan lissafin.

Awon ba ya buƙatar kwamfuta. Ana ɗaura rak ɗin na wucin gadi da matsi, ba walda tukuna, a kulle sitiyari a tsakiya, a cire sifirin in ƙafar mai sifirin ce, a kafe faranti miƙaƙƙe a inda taya ke zama, sannan a riƙa ɗaga ƙafar da jak kaɗan-kaɗan ana auna gaban farantin da bayanshi. In awon na canzawa sai a ɗaga rak ko a sauke shi da siraran zobban ƙarfe da ake cusawa ƙarƙashinshi a sake awon. Yana iya cin yini guda ko biyu, kuma makanikin da ya ce maka ba sai an yi ba wallahi ka ɗauke motarka.

Akwai kuma lissafin kwana. In mota na shan kwana tayar ciki dole ta fi ta waje karkata don da'irarta ta fi ƙanƙanta. Wani maƙerin keken doki a Munich, Georg Lankensperger, shi ya tsara wannan, Rudolph Ackermann ya yi mashi rajista a Ingila a 1818, sunan Ackermann ɗin ne ya bi abin har yau. Matsar da rak gaba ko baya da yawa na ɓata shi, alamar ita ce kukan taya a kwana ko a hankali ake tafiya, da cin gefen taya.

Sanda da maɗaurai

Da wuya bakin finiyon ya zo daidai saitin tsohuwar sandar sitiyari, sai an haɗa da joyin mai gicciye guda biyu. Kowanne kada karkatarshi ta wuce wajen digiri 30, kuma kunnuwansu su kasance a jere, in ba haka ba sitiyari zai riƙa nauyi yana sauƙi cikin juyi ɗaya. In joyin sun kai uku sai an sa boris mai riƙe sandar a tsakiya. Wani amfani da ake samu a nan shi ne sanda mai lanƙwasa ba ta sukar ƙirjin direba a karo kamar miƙaƙƙiyar sandar motocin da.

Maɗauran rak su ke ɗaukar duk ƙarfin da taya ke turowa, a yi su da faranti mai kauri, milimita 5 ko 6, a kama su a ƙashin mota mai ƙarfi ba a fallen bodi da tsatsa ta ci ba. Kusoshi masu lamba 8.8 ko 10.9 a kai, da noti mai kulle kanshi ko mai fil. Abin da ba a yi ko kusa shi ne yanke tayarod ko hannun sitiyari a haɗa da walda, ko a gasa shi da wuta a lanƙwasa, ƙarfen zai yi kyau a ido amma ya riga ya mutu a ciki kuma ranar da zai karye ba ya sallama. In sai an rage tsawo a kai wa mai injin tana, wato injin da ke fiƙe ƙarfe, ya yanka ya fidda sabon zare. A Beetle kuma a sauke tankin mai gaba ɗaya a fitar da shi daga garejin kafin a kunna walda, tankin da babu mai ma tururin da ke ciki ya isa.

Abin da za a samu da abin da za a rasa

Sitiyari zai yi kaifi, wasan tsakiya zai tafi, motar za ta riƙe layi. Amma rak na maido da duka zuwa hannu fiye da akwati, ramin da a da ba ka ji sosai yanzu za ka ji shi a wuyan hannu, kuma in aka zaɓi rak mai saurin juyi sitiyarin zai yi nauyi wajen fakin. Wasu na ƙara injin lantarki mai taimaka wa sanda irin na Opel Corsa, sai dai yana jan wuta, tsohon dainamo ba zai iya ciyar da shi ba sai an sa altaneta. Sannan ga ƙurarmu. Akwati a rufe yake ruf, shi kuwa rak robobi biyu ne kawai ke kare shi, zafin bazara na busar da su, hunturu ya cika su da yashi da zarar sun tsage, yashi da giris kuma su cinye haƙora cikin 'yan watanni. A riƙa leƙa su duk lokacin juyen baƙin mai.

Ga mai ajiye mota don tarihi, sauyin na rage mata daraja wurin masu son komai na asali, don haka ya fi kyau a yi maɗauran da ake kwancewa da kusa, a wanke tsohon akwatin a shafe shi da mai a adana tare da hannuwanshi. Bayan an gama sai a kai ta alaimen, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe mota na ƙasa a tabbatar taya ba ta gogar bodi ko tiyon birki, a fara gwaji a fili ba kowa kafin a hau titi, sannan a sake bin duk kusoshin da sifana bayan tafiyar farko ta kilomita 100 ko makamancin haka.