Yaushe Hausawa suka fara zama a Legas?

Sau da yawa a Agege ko Idi-Araba za ka ji ana cewa Hausawa ba su san Legas ba sai bayan samun 'yancin kai a 1960. Ba abin mamaki ba ne, tunda yawancin waɗanda muke gani a kasuwa zuwan baya-bayan nan ne.

Amma zaman ya girmi Najeriya kanta. Ingila ta karɓe Ikko, wato Legas, a 1861, kuma a 1863 Turawa suka kafa ƙaramar rundunar Hausawa a garin, da yawansu mutanen da suka kuɓuta daga bauta. Daga ita sojan Najeriya ya samo asali, shekara hamsin da ɗoriya kafin haɗe Kudu da Arewa a 1914. Layin dogo ya isa Kano a 1911, sai fataken goro suka yawaita a Agege, shanu na gangarowa, huhunan goro na haurawa.

In kana son tabbatarwa, zauna da dattawan Zango bayan la'asar, ka tambayi kakan wa ya fara zuwa, sannan ka gwada amsar da shekarun da ke littattafan tarihi. Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.